Dattijo a ƙaramar mota ya wuce ni a filin tsere, in sayi wadda ta fi ƙarfi?

Kawu, assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shekarata 34, ina saro wayoyi da kayan lantarki daga Dubai. Tun ina yaro nake da son mota. A tafiyata ta baya wani abokin hulɗata ya kai ni filin tseren motoci a ranar da ake buɗe shi ga masu sha'awa, kowa ya zo da motarsa ya zagaya. Ya ara mini tasa mai ƙarfin doki sama da 450. In muka fito miƙe ina barin kowa a baya, amma da an shiga kwana sai in ga wata 'yar ƙaramar Mazda ta cika mini madubi, har aka ɗaga mini tuta shuɗiya na ba ta hanya. Da muka tsaya na je na duba, ashe dattijo ne mai furfura, motar tasa ko doki 200 ba ta kai ba. Kunyar da na ji har yanzu ba ta sake ni ba. Abokaina sun ce in sayi motar da ta fi waccan ƙarfi, ko in sa a taɓa kwamfutar BMW ɗina a ƙara mata ƙarfi. Ina da sefa miliyan 15 da na ajiye don ƙarasa ginin gidana. Tunda ba mu da fili a nan, na yi niyyar in riƙa gwada hannuna a hanyar Pitowa bayan sallar asuba, kafin mutane su fito. Yayana ya ce hauka nake yi, maiɗakina kuwa ta daina tanka mini a kan maganar. Wace mota za ka ba ni shawarar in saya?

Daga wani ɗan kasuwa, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayi motar, kada ka taɓa kuɗin ginin, hanyar Pitowa kuma ka cire ta daga ranka tun yau. Amma ban bi bayan yayanka ba a kan cewa hauka ne. Tuƙi a filin tsere fanni ne da ake koya, akwai masu hankali da yawa da suka ba shi lokacinsu, kuma ina so ka iya shi. Hanyar da abokanka suka nuna maka ce ba za ta kai ka ba.

Sake karanta wasiƙarka. Kai da kanka ka ce a miƙe kana barin kowa a baya. To ƙarfin inji ba shi ka rasa ba a ranar, har ma ya yi maka yawa. Abin da ya yi maka yawan shi kake shirin ƙarowa da miliyan 15. Inda dattijon ya ci ka a kwana ne, kuma a cikin kwana inji ba shi da ta cewa.

Tunda kai mutumin lissafi ne, mu yi lissafi da misali. A ce kwana ce mai tsawon mita 100. Wanda ya bi ta da gudun kilomita 80 a awa zai ɗauki sakan 4 da rabi. Wanda ya bi ta da 100 zai ɗauki sakan 3.6. Kusan sakan guda ke nan a kwana ɗaya. In filin na da kwana 15, ka yi asarar sakan 13 a kowane zagaye. Yanzu a koma miƙe mai mita 800. Babbar motarka ta ratsa shi a kan matsakaicin gudun 180, sakan 16 ke nan, ƙaramar ta ratsa a kan 150, sakan 19 da ɗoriya. Ribarka sakan 3. In irin wannan miƙen biyu ne a filin, ka ci 6, ka zubar da 13. Shi ya sa yake ɓacewa daga madubinka ya sake dawowa. Kuma na ɗauki wannan misalin da sauƙi ne, don wanda ya fito daga kwana da gudu yana ɗaukar wannan gudun ya shiga miƙe da shi, sai babbar mota ta ɓata rabin miƙen tana biyan bashin da direbanta ya ciwo a baya.

Me ke ba mutum gudu a kwana? Abu biyu ne: riƙon da taya ke yi wa kwalta, da faɗin bakan da motar ta bi. Duk motar nan, komai girmanta, wurin da take taɓa ƙasa huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba da yawa. Birki, juyawa, tashi, duk daga nan suke fitowa. Riƙon tayar nan kamar jarinka yake a kasuwa. In ka zuba shi duka a wayoyi, babu na sarin caja. In ka taka birki iya ƙarfinka, tayar ta kashe jarinta duka a tsayawa, ka murɗa sitiyari a lokacin ba abin da ya rage mata na juyawa, sai motar ta miƙe ta nufi waje. In ka danna totur duka alhali sitiyari na karkace, tayoyin baya su saki, motar ta yi katantanwa da kai. Gwani yana sakin birki a hankali daidai gwargwadon yadda yake ƙara murɗa sitiyari, sa'annan yana ƙara totur daidai gwargwadon yadda yake warware shi. Ba ya barin riƙon tayar ya zauna banza, ba ya kuma neman abin da ya fi ƙarfinta.

Ban ga tuƙinka ba, amma na san abin da sabon shiga ke yi in an ba shi babbar mota, don kusan duk hali ɗaya ne. Yana isowa bakin kwana da gudun da ya tsorata shi, sai ya taka birki tun da nisa, ya rage gudu fiye da kima. Sai ya karya kwanar da wuri saboda idonsa na kan gefen ciki da ke gabansa. Da ya kai tsakiya sai ya ga hanya na ƙare masa a waje, dole ya ƙara murɗa sitiyari ya ɗaga ƙafa daga totur. Sai motar ta daidaita sa'annan ya danna, injin ya yi ruri, shi kuma ya ji kamar ya yi bajinta. Dattijon naka kuwa daga can gefen waje yake shigowa, ya ɗan jinkirta karyawa, ya shafi gefen ciki bayan tsakiyar kwanar, ya bar motar ta fita har gefen waje. Ya mai da kwana mai tsini ta zama baka mai faɗi. Kuma idonsa ba ya kan hancin mota. Yana birki yana kallon inda zai shafa a ciki, kafin ya isa can ya riga ya mai da ido kan mafita. Hannu yana bin ido ne. Wanda ya ƙura wa shinge ido, shingen zai je ya samu.

Ƙaramar motar ma ta taimake shi. Mazda MX-5 tun fitowarta a 1989 an gina ta ne a kan rashin nauyi, ta farkon ba ta kai tan ɗaya ba, ƙarfinta kuma doki 115 ne ko kusa da haka. Na yanzu ma kaɗan suka haura tan ɗaya. Motoci masu doki 450 galibi sun fi ta nauyi da rabin tan ko fiye. Nauyi kuwa ana biyan kuɗinsa a birki, a kwana, da zafin taya.

Kada ka ɗauka ina cewa ƙarfin inji banza ne. In gwanaye biyu suka yi kunnen doki a iyawa, mai mota mafi kyau ne zai ci. A watan Afrilun 1993, a babbar gasar tseren motoci ta Formula 1 a filin Donington na Ingila, ana ruwan sama, Ayrton Senna yana cikin McLaren wadda injinta bai kai na motocin Williams ƙarfi ba. Ya koma na biyar a tashin farko, kafin a gama zagayen farko ya wuce Schumacher da Wendlinger da Hill da Prost, ya kuma ci tseren da ratar sama da minti guda. Amma kambun wannan shekarar Prost ne ya ɗauka a cikin Williams. Darasin biyu ne. Inda riƙon taya ya yi ƙaranci, hannun direba ke magana. Inda kowa gwani ne kuma tafiya ta yi nisa, mota ke magana. Su tazarar da ke tsakaninsu ɓangaren sakan ce, shi ya sa doki 30 ke raba gardama. A ranar masu sha'awa irin wadda ka je, tazarar da ke tsakanin sabon shiga da wanda ya daɗe takan kai sakanni da yawa a mota iri ɗaya. Babu injin da za ka saya ya cike wannan ramin.

Kuma ƙarfin doki ba ya biya yadda mutane ke zato. Iska ce ke tare mota in gudu ya yi yawa, kuma ƙarfin da ake bukata don keta ta yana hauhawa da sauri ƙwarai. In ka ninka ƙarfin inji sau biyu, ƙarshen gudun motar zai ƙaru ne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Mai yin 200 ta koma yin 250 ko kusa. Abin da ke ninkuwa da gaske shi ne wahalar tsayawa. Motar da ta iso bakin kwana da 200 tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin da birki zai kashe in an kwatanta da wadda ta iso da 140. A gudun 200, kowane sakan ɗaya mita 55 ne. Ka yi jinkirin ƙiftawar ido wajen taka birki, ka wuce wurin da tsawon motoci da yawa.

Ga abin da ya fi damuna game da babbar mota a hannun mai koyo: tana ɓoye masa kuskurensa. Ka lalata kwana, totur ya rama maka a miƙe, ka koma gida ba ka san ka lalata ba. Na'urorin hana santsi da ke cikin motocin zamani suna gyara maka ɓarna a ɓoye, su taka birkin taya ɗaya, su rage wa inji mai, kai kuma kana ganin hannunka ne. Kada ka kashe su, suna ceton rai, amma ka san suna aiki. Sa'annan tsoro. Mutumin da zuciyarsa ke dukan uku-uku ba ya jin abin da kujera da sitiyari ke gaya masa. A ƙaramar mota kana iya kai taya ƙarshen riƙonta a gudun da in ka kuskure ciyawa za ka shiga ka fito. A babba wannan iyakar tana can a gudun da kuskure ke kai mutum asibiti. Ƙaramar ba ta yafe lalaci. In ka zubar da gudu a kwana sai ka daɗe kana tara shi, don haka dole ka koyi adana shi.

Yanzu maganar hanyar Pitowa. A nan ba zan sassauta maka ba.

Bayan sallar asuba ba lokacin da babu mutane ba ne. Lokacin ne masu kai kaya kasuwa ke fitowa, da 'yan acaba marasa fitilar baya, da makiyaya masu tsallakar da shanu, da yara masu zuwa ɗiban ruwa, da tirelolin da suka kwana a gefen hanya ba alama. Babbar hanyar ƙasa ce mai zuwa Marwa har Kusiri, ba ta barci. Abin da ya sa filin tsere ya zama filin tsere ba kwalta ba ce. Kowa gefe ɗaya ya nufa, babu mai tsallakawa, akwai fili a wajen kwana da aka tanada don wanda ya zarce, akwai masu tuta da ke ganin abin da ba ka gani ba, ga motar asibiti a tsaye, kuma duk wanda ke ciki da yardarsa ya shiga, da hular kwano a kansa. Matar da ta ɗauko itace a gefen hanya ba ta yarda da komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Kai ma ka san gidajen da aka yi zaman makoki a unguwarku saboda hanya. Ran mutum in ya hau wuyanka, diyya ba ta sauke nauyinsa daga zuciya. Kuma ko da Allah ya tsare, ba abin da za ka koya a can. Miƙaƙƙiyar hanya danna totur kawai take koyarwa, shi kuwa ka riga ka iya.

Ka kuma lura da wani abu da abokanka ba su lissafa ba. Motar da za ka saya a Garwa za ta zauna, filin kuwa yana Dubai. Ba za ka saka ta a jaka ka tafi da ita ba.

Maganar taɓa kwamfutar BMW gajeruwa ce. Ƙara wa injin turbo matsi yana nufin ƙarin zafi da bukatar fetur mai inganci. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma wanda ya saba sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, bai san abin da aka gauraya a ciki ba. Injin da aka matsa wa, ga zafi ga gurɓataccen mai, fistin yake ƙonawa. Bar ta yadda kamfani ya yi ta.

In kana son kashe wa motarka kuɗi, kashe a ƙafafunta. Duba gefen kowace taya, akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyin Beljiyam da ake sayarwa a kasuwa da yawa zanensu na nan amma robar ta bushe ta daina riƙo. Man birki kuma yana shan damshi daga iska. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma in ya tafasa sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa. Tambayi tsofaffin direbobin tirela da ke gangaro tsaunin nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa me ya sa suke saukowa da ƙaramar giya. Sun san birki yana da iyakar zafin da yake ɗauka. A filin tsere wannan iyakar cikin 'yan zagaye ake kai ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me za ka yi a tafiyarka ta gaba? Ware kuɗi daga ribar kasuwa, adadin da in ya tafi ba zai taɓa jari ko gini ba. Kada ka sake aron motar abokinka. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere, kuma da ka buga ta a ranar da bashi da ɓacin zumunci za ka dawo. Yi hayar ƙaramar mota daga masu shirya ranar, ka karanta takardar da ke nuna nawa ne a kanka in an yi ɓarna, ka shiga rukunin masu koyo ba tare da jin nauyi ba. Abu mafi muhimmanci, ka biya malamin tuƙi ya zauna a kujerar gefenka. Ka roƙe shi ya fara tuƙa ka a motar da za ka hau, don ka ji da jikinka abin da take iya yi. Yawancin mutane a nan idonsu ke buɗewa. Kada ka ce za ka gyara komai a rana ɗaya. Zaɓi kwana biyu ko uku ka yi ta maimaita su, ka sa alamar wurin taka birki, ka riƙa matsar da ita gaba kaɗan-kaɗan. In wani ya cika maka madubi, ba shi hanya a miƙe kamar yadda dokar ranar ta ce, sa'annan ka bi bayansa ka kalli inda yake sa motarsa. Ranar ba gasa ba ce, babu kofi, tuta shuɗiya kuma ba zagi ba ce.

A filin Dubai Autodrome akwai wurin ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya da ake kira kat. Na haya ƙarfinsu bai kai doki 15 ba, kuɗinsu kaɗan ne, kuma duk iri ɗaya ne, don haka in yaro ya wuce ka babu injin da za ka ɗora wa laifi. A kansu zakarun Formula 1 suka fara, Lewis Hamilton yana shekara 8, Max Verstappen yana shekara 4. Awa biyu a can za ta koya maka layin kwana fiye da wata guda a babbar mota. In ka dawo gida, sitiyari da fedar wasan kwamfuta suna da amfani wajen horar da ido da haddace fili. Jann Mardenborough ta gasar wasan Gran Turismo ya fito a 2011, a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Wasan ba zai koya maka jin nauyin mota a jiki ba, amma a falonka yake, ba ya kashe kowa.

Dattijon nan kuma, in ka sake ganinsa, je ka gaishe shi ka ce ya zagaya da kai. Irinsu sukan ji daɗin a tambaye su, matambayi kuwa ba ya ɓata. Abin da ya fi ka da shi shekarun da ya yi yana maimaita kwanonin nan ne, ba ya zo don ya kunyata ka ba.

Shirun maiɗakinka ya fi faɗan yayanka nauyi, kada ka raina shi. Ginin nan ba naka kai kaɗai ba ne, ta sa rai a kansa, wataƙila ta haƙura da abubuwa da yawa don a tara kuɗin. Tana kuma tsoron a kira ta da asuba. Zauna da ita ka gaya mata a fili cewa kuɗin gini na gini ne, ba za ka yi gudu a hanyar gari ba, ga kuma adadin da za ka riƙa kashewa a wannan sha'awar duk tafiya. Yayanka ma ka same shi da wannan maganar, ka gode masa, don tsoron rasa ka ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa.

Ranar sayen babbar mota tana iya zuwa, kuma tana da alama. Sai ka ga zagayenka goma a jere lokacinsu bai bambanta da fiye da sakan guda ba, tazararka da malaminka a mota ɗaya ta dawo sakan ɗaya ko biyu, kana danna totur har ƙasa tun daga tsakiyar kwana motar kuma ba ta da sauran abin ba ka. In ka kai nan, gidan kuma an yi masa rufi an shiga, sake rubuto mini mu yi maganar wace mota. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa.